Ƙaramin Injin Yanka Itace: Tsakanin MS 170 da MS 180, Wanne Zai Daɗe a Hannunka?

 Yau maganar ta manoma ce da masu lambu, da masu sana'ar itacen girki, da duk wanda gatari ya ishe shi har ya fara tunanin sayen ƙaramin injin yanka itace, irin mai sarƙar nan da ke shan fetur.

Mutum ya tara kuɗinsa da guminsa, ya shiga shago, an ajiye masa injuna biyu a gabansa. Launinsu ɗaya, ruwan lemo da fari-fari. Girmansu ɗaya, kamfaninsu ɗaya. A jikin wannan an rubuta MS 170, a jikin wancan MS 180, amma kuɗinsu ya bambanta. Mai shago zai ce, "Alhaji, ɗauki wannan, ya fi ƙarfi." Shi kuwa mai saye abin da ke ransa daban ne. Tambayarsa ita ce, "Wanne ne ba zai riƙa kai ni wurin bakanike ba?" A kan wannan tambayar za mu tsaya yau.

Duka biyun na kamfanin Stihl ne na ƙasar Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a shekarar 1926, hedikwatarsa tana garin Waiblingen kusa da Stuttgart. Injunan nan biyu sun daɗe a kasuwa. Tun kafin a sa musu waɗannan sunaye ana sayar da magabatansu da lambobin 017 da 018, kuma ko da yake kamfanin ya fito da sababbin samfura irin su MS 172 da MS 182, tsofaffin suna nan birjik a hannun jama'a.

To, mene ne bambancinsu? Faɗin fistin na MS 170 milimita 37 ne, na MS 180 kuwa milimita 38. Milimita ɗaya tak. Wannan ne ya sa girman injin na farko ya zama cc 30.1, na biyu cc 31.8. Ta fuskar ƙarfi, na farko yana ba da kimanin doki 1.6 zuwa 1.7, na biyu doki 1.9 zuwa 2, gwargwadon kasuwar da aka ƙera shi dominta. Nauyinsu duka wajen kilo 4 ne kafin a ɗaura sarƙa a zuba mai. Tankin fetur ɗinsu rubu'in lita. Gangar jikinsu ta roba ce mai tauri, injin yana zaune a cikinta, kuma yawancin kayan gyaran wannan suna shiga wancan.

Saboda haka, masu sauraro, in dai ƙarko ake magana, babu wata tazara tsakaninsu da za ta hana mutum barci. Ƙira ɗaya ce, inda wannan yake da rauni nan wancan yake da shi. Ra'ayina shi ne, in aljihu zai ɗauka, a sayi MS 180. Dalilina itatuwanmu ne. Kirya da marke da tsamiya, musamman in sun bushe, ba sa wasa da inji, kuma ɗan ƙarin ƙarfin nan yana sa injin ya ratsa ba tare da an danne shi ba. Injin da ba a dannewa ba ya zafi sosai, zafi kuwa shi ke cinye rayuwar waɗannan injuna. Amma in sayen MS 180 zai ƙarar da kuɗinka kaf, har ka rasa na sarƙa ta biyu da man haɗi mai kyau da magagarin wasa haƙora, to ka ɗauki MS 170 ka sayi waɗannan da canjin. Mai rage rassan mangwaro da darbejiya, ko mai daddatsa itacen da kaurinsa bai wuce cinyar mutum ba, MS 170 ya ishe shi.

Dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, wanda zan riƙa kira harshe, yana zuwa da tsawo iri uku: santimita 30, 35 da 40, wato inci 12, 14 da 16. Mutane suna son mai tsawo, suna ganin shi ne cikar inji. Ni dai ba na ba da shawarar a wuce inci 14. Duk ƙarin tsawo ƙarin sarƙa ne da ƙaramin inji zai ja.

Sannan a san iyakarsu. Waɗannan injuna an yi su ne don aikin gida da gona, awa ɗaya yau, awa biyu jibi. Wanda zai tsaga gungume ya fitar da katako tun safe har yamma, aikinsa na manyan injuna ne irin Stihl 070 da aka saba gani a hannun masu yankan katako a dazukan kudu, mai girman cc sama da 100. Wanda ya sa MS 180 wannan aikin zai kashe shi cikin ƙanƙanen lokaci, ya dawo yana cewa an sayar masa da rubabben kaya, alhali shi ya ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa.

In kuwa zaɓin naka tsakanin Stihl ne da Husqvarna na ƙasar Suwidin, misali samfurin 120 Mark II mai cc 38.2 da nauyi kusan kilo 5, shi ma inji ne na ƙwarai a ajinsa. Abin da zai raba maka gardama yana garinku: wanne ne ake sayar da kayan gyaransa kusa da kai, kuma wanne bakanikenku ya saba kwancewa?

Yanzu ga babban ramin da mutane ke faɗawa, wato jabu. Sunan Stihl yana cikin waɗanda ake yawan kwaikwaya. Za ka ga inji da launinsa da rubutunsa da kwalinsa, sai an yi aiki da shi 'yan makonni asirinsa ya tonu: birkin sarƙa ba ya kamawa, robar ta tsattsage, kusoshi sun warware. Jabun MS 180 ko kusa bai kai MS 170 na asali ba, don haka kafin ka tambayi lamba, ka tambayi asali. Kada kuma rubutun ƙasar da aka ƙera shi ya ruɗe ka. Kamfanin yana da masana'antu a Jamus da Amurka da Barazil da kuma birnin Qingdao na ƙasar Sin, sarƙoƙinsa kuma a Suwizalan ake yin su. Ganin sunan Sin a jikin inji bai nuna jabu ne ba, haka ma ganin sunan Jamus bai wanke shi ba, domin mai yin jabu babu abin da ba zai rubuta ba. Abin da ya fi tsare ka shi ne ka saya a wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, ka duba lambar injin mai alƙaluma 9 da aka buga a jikinsa, ka sa a rubuta ta a rasit, ka karɓi littafin bayani. In kuɗin ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, ka tuna araha ba ta ado.

Kafin ka biya, ka yi wa mai shago gwaji guda. Ka ce ya nuna maka sarƙar injin, da fulogi, da matatar iska, da haƙorin nan mai juya sarƙa, da igiyar tayarwa, a nan take a kan kanta. In ya ce sai an yi oda, ka san cewa ranar da ka buƙace su haka za ka zauna jira, aiki yana jiranka a gona. Sarƙar ma ba kowace ce ke shiga ba. A gindin harshen an buga lambobi: tazarar haƙora, wadda a nan 3/8 ce ƙarama, da kaurin ƙafar sarƙa, milimita 1.1 ko 1.3, da yawan ƙafafun. Harshe mai inci 12 yana ɗaukar ƙafa 44, mai inci 14 ƙafa 50, mai inci 16 ƙafa 55. Ka rubuta naka a takarda ka ajiye. Siririyar sarƙa mai 1.1, wadda aka fi haɗa MS 170 da ita, tana yanka da sauƙi, sai dai ka tabbatar ana samunta a kasuwarku.

Jama'a, mu zo kan abin da ya fi kashe waɗannan injuna, wato mai.

Wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. A cikin fetur ake haɗa masa, kamar ƙaramin janareton nan na gida da kowa ya sani. Sai dai kada wannan kamar ta yaudare ka. Janareton yana juyi 3,000 ne a minti. Injin yanka itace yana yin kusan haka, wajen 2,800, alhali yana zaune ba a taɓa maƙunnin wutarsa ba. In ya shiga itace juyinsa yana kaiwa 9,000 ko fiye. Fistin da ke kai da komo da wannan gudu, babu abin da ya raba shi da bangon silinda sai ɗan siririn man da ka haɗa da hannunka.

Ma'aunin da kamfani ya bayar shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na man haɗi. A sauƙaƙe, kowace lita ɗaya ta fetur mililita 20 na mai, lita 5 kuma mililita 100. A nemi sirinji ko ƙaramar kwalba mai ma'auni, a daina aunawa da ido ko da murfin jarka. Kuma man ya zama wanda aka yi musamman don irin wannan inji mai sanyaya kansa da iska, kamar na kamfanin ko wanda ke ɗauke da alamar JASO FD. Baƙin man mota ba ya ƙonewa da kyau a nan, yana barin gawayi a kan fistin da bakin salansa har zoben fistin ya maƙale. Wasu kuma suna cewa bari su ninka man don injin ya ji daɗi. Abin da ke biyo baya hayaƙi ne da fulogi mai jiƙewa da toshewar salansa. A fara zuba man a jarka mai tsabta, a bi shi da fetur, a girgiza sosai, kuma a sake girgizawa duk lokacin da za a zuba. Kada a haɗa fiye da abin da za a ƙarar cikin kwana 30, domin fetur yana tsufa, a zafin ƙasarmu kuwa ya fi saurin tsufa. Fetur ɗin bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, ka nisanta injinka da shi. Ranar da yaro ya zuba tsurar fetur babu haɗi, mintoci kaɗan sun isa injin ya buga. Saboda haka jarkar haɗi ta zama daban, a yi mata alama da fenti.

Akwai tanki na biyu, na man sarƙa. Duk sanda aka cika fetur a cika shi. Na san abin da aka saba, a je gareji a ɗebo tsohon baƙin man da aka juye daga mota. Littafin injin ya hana wannan ƙarara, kuma da hujja: man cike yake da ɗiɗɗigar ƙarfe da ke cinye famfon mai da harshe, ga illa ga fatar mai aiki. Gwajin famfon ba wuya. A tayar da inji, a nuna bakin harshen ga kututture mai haske ko kwali ba tare da ya taɓa ba, a ba shi wuta kaɗan. In ka ga siririn layin mai ya fantsama, lafiya lau. In babu, kashe injin ka bincika.

Sabon inji kuma a bi shi a hankali. A tanki uku na farko kada a riƙa ba shi cikakkiyar wuta alhali ba ya cikin itace. Ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan tanki 5 zuwa 15.

Sai ƙura, kuma a nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasar da aka tsara injin. Matatar iskar waɗannan ƙananan injuna ɗan falle ne ƙarami a ƙarƙashin murfin sama. A lokacin hunturu, ga hazo ga garin itace, yini ɗaya ya isa ya toshe ta. In ta toshe injin zai rasa ƙarfi ya riƙa shan mai. In kuwa ta yage ko ba ta zauna daidai ba, ƙurar za ta wuce kai tsaye cikin silinda ta riƙa goge fistin a hankali, ba ka sani ba sai ranar da injin ya ƙi tashi. A duba ta kowace ranar aiki. Kafin a cire ta a rufe cok don datti kada ya faɗa cikin kafireto, a kaɗe ta, in ta lalace a sauya. A kuma share tsakanin haƙarƙarin silinda da buroshi, domin ta nan iska ke bi ta sanyaya injin.

Ku dubi busasshen gungumen da ya kwana biyu a ƙasa. Gara ta yi masa rufi da jar ƙasa, yashi ya cika tsagogin ɓawonsa. Wannan ƙasar, in sarƙa ta ratsa ta, daƙiƙa kaɗan ne haƙoran su dakushe. A kankare wurin da za a yanka da adda tukuna, a ɗora gungumen a kan wani itace don bakin harshe kada ya taɓa ƙasa. Sarƙar da kanta za ta gaya maka halin da take ciki, in ka dubi abin da take zubarwa. Mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya masu kusurwa, kuma tana jan kanta cikin itace. Dakusasshiya gari take fitarwa mai laushi, wani lokaci da ƙaurin ƙuna, kai kuma sai ka ji kana dannawa da ƙarfin kafaɗa. Wannan dannawar ce ke ƙona kuloci, ta narkar da robar da ke kewaye da shi, ta gajiyar da inji. Da yawa daga injunan da ake cewa ba su da ƙarko, dakusasshiyar sarƙa ce ta kashe su.

Wasa haƙoran ba sai an je wurin kowa ba. Magagari mai zagaye na milimita 4 ake amfani da shi, a riƙe shi a karkace digiri 30, a tura daga ciki zuwa waje, kowane haƙori adadi ɗaya, sau biyu ko uku in ba a bari ya lalace ba. Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori shi ke ƙayyade zurfin cizo, ya kamata ya yi ƙasa da haƙorin da milimita 0.65. Wasu suna goge shi gaba ɗaya wai don inji ya ci da sauri. Wannan ganganci ne, yana sa injin fizga da tsalle. Duk sanda aka wasa ko aka sauya sarƙa a juya harshen, sama ya koma ƙasa, don ya ci daidai. Bayan sarƙa biyu sun ƙare a sauya haƙorin da ke juya su. Fulogi a sauya bayan kimanin awa 100 na aiki, ƙaramar matatar da ke cikin tankin fetur kuma sau ɗaya a shekara.

Ga wani abu da ke faruwa kowace shekara. An gama aikin rani, an jingine inji a ɗaki da fetur a cikinsa, damina ta wuce, an ɗauko shi ya ƙi tashi. Fetur ya bushe a cikin kafireto ya bar danƙo, siraran robobin ciki sun ƙandare. Maganin kyauta ne: in za a ajiye shi wata guda ko fiye, a juye tankin, a tayar da shi ya yi ta aiki a hankali har ya mutu da kansa.

Ba zan wuce ba sai na yi maganar jikinka, domin shi ba a sayar da kayan gyaransa. Mafi munin haɗarin wannan inji shi ne in saman bakin harshe ya taɓa wani abu, sai injin ya yi tsalle ya dawo wajen fuska, da saurin da hannu ba zai iya tarewa ba. Don haka aka sa birkin sarƙa a gaban hannun hagu. A gwada shi kullum kafin a fara aiki. A riƙe inji da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi. Kada a yanka abin da ya wuce tsayin kafaɗa, kada a hau bishiya da shi, kada a yi aiki da babbar riga ko rawani mai jela ko silifas. A tayar da shi a ƙasa, aƙalla mita 3 daga inda aka zuba mai. Ƙararsa tana kaiwa wajen desibel 100 a kunnen mai aiki, alhali daga 85 ne kunne ke fara cutuwa in abin ya daɗe, saboda haka a sa abin toshe kunne da tabarau. In za a kayar da bishiya, kowa ya ja baya nisan tsawonta sau biyu da rabi, yara musamman.

Kuma samun inji ba lasisin sare bishiya ba ne. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a kayar da tsayayyar bishiya. 'Yan'uwanmu da ke Ghana su sani cewa tun 1998 dokar ƙasar ta hana tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji. Mu kuma da hamada ke matsowa, gawo da ɗorawa da kaɗanya da ke tsaye a gona sun fi amfani a raye. Injin da ke iya kayar da bishiyar shekara hamsin cikin 'yan mintoci, a yi masa aikin rage rassa da daddatsa abin da ya riga ya faɗi.

Saura masu niyyar sayen na hannu. A nan lambar da ke jikin injin ba ta da wani tasiri, tarihinsa ake saye. Ka fara da shi a sanyaye, kada ka yarda a ɗumama shi kafin ka iso. Ɗaga shi da igiyar tayarwa kawai: in ya sauka a hankali yana tsayawa tsalle-tsalle, matsin silinda yana nan, in ya zube ƙasa sululu, injin ya gaji. Sannan ka roƙi a kwance salansa, aikin 'yan mintoci ne. Haska tocila cikin ramin, ka ja igiya a hankali. Lafiyayyen fistin za ka gan shi sumul, da ɗan danshin mai, zobensa yana motsi in an taɓa. Wanda ya sha tsurar fetur ko zafi za ka ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, kamar an karce shi da ƙusa. In ka ga wannan, ka san fistin da silinda za ka saya nan gaba kaɗan, ka sa kuɗinsu a lissafi ko ka haƙura. Bayan ya tashi, bar shi ya zauna ba wuta: sarƙa kada ta juya, kuma ƙararsa kada ta riƙa hawa da sauka. Karkata shi gefe da gefe, in ya mutu ko ya ɗau gudu da kansa, iska tana shiga ta inda bai kamata ba, gyaran kuwa sai an kwance injin gaba ɗaya. Daga nan ka gwada birki, ka gwada famfon mai, ka sa shi a itace ya yi yanka biyar ko shida. In mai sayarwa ya ƙi a kwance salansa, ka yi masa godiya ka nemi wani.